Bakin Iyaye Shi Ne Madubin Yaro

A wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda ba kasafai takan shiga jerin abubuwan da majalisar dattawa ke tattaunawa ba. Mukan zauna a kan rufin majami'a, da takardun fili, da baiko, da albashin mai bishara, kuma duk sun cancanci a zauna a kansu. Amma yaushe rabon da mu zauna a kan irin kalmomin da ƙananan yaranmu suke ji daga bakinmu, tun daga wayewar gari har su kwanta?

Yaro ɗan shekara uku ko biyar bai san ko shi wane ne ba tukuna. Daga bakin manya yake ji. In kullum abin da yake ji shi ne "daƙiƙi", "sakarai", "ɗan banza", "ba za ka taɓa yin hankali ba", sai ya ɗauka sunansa ke nan, domin a wurinsa baba da mama ba sa ƙarya. Uwa ta faɗa cikin gajiya ta manta kafin tuwo ya nuna, yaron kuwa ya riƙe har ya yi furfura. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a shekarar 2014 ya nuna cewa wajen yara 6 cikin 10 a Nijeriya sukan gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. A ciki har da cin zarafin da ba ya barin tabo a jiki, wato zagi da wulaƙanci da nuna wa yaro ba a son sa. Wajen yarinya 1 cikin 6 da yaro 1 cikin 5 sun sha wannan daga iyaye ko manyan da ke riƙon su. Kada mu ruɗi kanmu cewa gidajen masu bi ba sa cikin lissafin.

Mu da muke zaune a inda ba mu da yawa, wannan magana ta fi shafar mu. Akwai yaranmu da su kaɗai ne masu bi a ajinsu. Akwai waɗanda akan jefe su da sunayen reni a hanyar rijiya ko a filin wasa, sau da yawa daga bakin yara 'yan'uwansu waɗanda ba su ma san nauyin abin da suke faɗa ba. Ba mu da ikon rufe bakin titi. Bakin gida kuwa a hannunmu yake. Yaron da aka rena a waje, ya dawo gida aka ƙara masa da zagi, ina zai sa kansa? Irinsa ne yakan girma yana sunkuyar da kai, yana ɓoye sunansa na baftisma, ko kuwa ya girma da ɗacin rai yana ganin kowane maƙwabci abokin gaba ne. Duka biyun hasara ce ga ekklesiya, hasara ce kuma ga zaman lafiyar gari.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce. Za su ce mu da bulala da tsawa aka rene mu, ga mu mun zama mutane. Za su kawo karin maganar nan ta ka ƙi naka duniya ta so shi. Za su tuna mana da alkunya, yadda a gidaje da yawa uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Akwai hikima a ciki, gama ba wanda yake so ya reni sangartacce. Sai dai mu tuna, a gidan da aka rene mu akwai kaka mai yi wa jika kirari tana kiransa maigidanta, akwai goggo da kawu masu sa albarka in an dawo daga aike. Abin da uwa ta yi kawaici a kai, su suke faɗa. Yau da yawanmu muna zaune a gidan haya a birni, kaka tana ƙauye. Tsawar ta biyo mu, kirarin ya tsaya a can.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Karin Magana 18:21 ta koya mana cewa harshe yana iya kashewa, yana kuma iya rayarwa. A Farawa 35:18 Rahila, cikin azabar haihuwa, ta ba jaririnta suna mai ɗauke da baƙin cikinta, amma Yakubu bai bar yaron ya yi yawo da wannan kaya ba, ya sāke masa suna Biliyaminu. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. A Markus sura 10, sa'ad da almajirai suka kori masu kawo yara, Yesu ya ji haushi, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. Mu lura kuma da Matiyu sura 3: a bakin Kogin Urdun, tun Yesu bai yi mu'ujiza ko ɗaya ba, Uba ya shaida a fili cewa yana ƙaunarsa, yana kuma jin daɗinsa. Ƙauna ce ta riga aiki. Mu kuwa sau da yawa sai yaro ya zo na ɗaya a aji kafin ya ga haƙoranmu.

A nan dole mu yi gargaɗi. A zamanin nan ana yawan koyar da cewa a sa yaro ya riƙa maimaita "ni ne na ɗaya, ni mai nasara ne, ba abin da zai gagare ni", wai duk abin da baki ya furta sai ya tabbata. Kalma ba laya ba ce, kuma Allah ba ya ƙarƙashin umarnin bakinmu. Masu bincike ma sun ga iyakar wannan hanya. A 2009 wata malama a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, Joanne Wood, da abokan aikinta sun sa mutane su riƙa nanata wa kansu kalmar yabon kai. Waɗanda dama suke ganin kansu ba a bakin kome ba, sai abin ya ƙara dagula musu rai, domin zuciyarsu tana ƙaryata abin da bakinsu yake faɗa.

Kafin wannan, a 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck na Jami'ar Kolombiya a Amurka sun gwada 'yan aji biyar na firamare. Bayan wani aiki, an yabi wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma an yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka riƙa zaɓen aiki mai sauƙi don kada sunansu ya zube, da suka gamu da mai wuya kuma suka yi saurin karaya, har kusan kashi 40 cikin ɗari suka ƙara wa makinsu gishiri da aka tambaye su. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi jimrewa, aikinsu ya ƙara kyau. Darasin a fili yake: kalmar da take gina yaro ita ce wadda take gaskiya, wadda kuma take nuna masa abin da yake hannunsa ya yi.

Saboda haka muna ba iyaye da malaman Makarantar Lahadi shawara kamar haka.

Na farko, ku faɗa wa yaro abin da ba ya canjawa, ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi. "Allah ne ya yi ka, bai kuwa yi kuskure ba." "Ke tamu ce, muna ƙaunarki." Ku koya masa ya faɗa da bakinsa kafin ya kwanta ko kafin ya tafi makaranta: "Allah yana tare da ni, ba ni kaɗai ba ne." Wannan gaskiya ce da ba ta dogara ga wayonsa ba, shi ya sa zuciyarsa ba za ta ƙaryata ta ba.

Na biyu, ku yabi abin da kuka gani, ku kuma kira shi da sunansa. "Na ga yadda ka ɗaure wa ƙanenka takalmi." "Kin sāke rubuta baƙin nan har sau uku ba ki gaji ba, sannu da ƙoƙari." Wannan ya fi "kai gwani ne" sau goma.

Na uku, in yaro ya yi laifi, ku hore shi, amma ku raba laifin da yaron. "Abin da ka yi ƙarya ce, a gidan nan ba ma yin ta" dabam yake da "kai maƙaryaci ne". Na farkon ya bar masa ƙofar tuba, na biyun ya liƙa masa suna. Ku bar gwada shi da wansa ko da ɗan maƙwabta.

Na huɗu, ku gaya masa ma'anar sunansa. Mun sa wa 'ya'yanmu Godiya, Alheri, Murna, Ƙauna, Salama, sa'an nan muka bar sunayen suka zama na kiran aike kawai. Yarinyar da ta san dalilin da ya sa aka kira ta Godiya ba za ta yi saurin yarda da sunan da titi ya ba ta ba. In ta dawo da kuka don an zage ta, kada a ce mata ta rama, kada kuma a ce ta yi shiru kawai. A saurare ta, a tabbatar mata da ko ita wace ce, a yi addu'a tare domin wanda ya zage ta.

Ga dattawa da Zumuntar Mata kuma, ku ne kakannin da birni ya raba yaranmu da su. Bayan sujada, kafin a shiga gaishe-gaishen manya, ku tsaya ku kira yaro ɗaya da sunansa, ku tambaye shi abin da ya koya, ku ce masa Allah ya yi maka albarka. Ku fi neman marayu da 'ya'yan gwauraye da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, gama su ne suka fi ƙishin wannan kalma. Timoti ya tsaya gaba gaɗi a Afisa yana saurayi, amma Bulus ya nuna cewa bangaskiyar ta fara ne daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan yara su ne za su riƙe ekklesiyoyinmu, su zauna da maƙwabtanmu, su yi magana a madadinmu a gaban hukuma sa'ad da ƙasa ta rufe mana ido. Wannan aiki ba ya bukatar ko kwabo daga asusun ekklesiya. Ubangiji ya tsare bakinmu, ya sa 'ya'yanmu su ji albarka daga gare mu tun suna ƙanana. Amin.