A Duba Baki Tun Kafin Ya Zaizaye

A ƙauyukan gundumar Dakoro, sau da yawa mai ciwon haƙori wanzami yake nema, domin Maradi tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuɗin mota kuwa ba kowa ke da shi ba. Alhali baki ne yake fara tona asirin cutar da ta ɓuya a jiki.

Ciwon suga yana kumbura dasashi, kumburin kuma yana hana suga daidaita. Ga yara lamarin ya fi muni. Zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, tana kama ƴan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ta raunana. Da gyambon dasashi take somawa, cikin kwanaki ta huda kumatu. In an bar ta, takan kashe kusan 9 cikin 10. In an gan ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai gina jiki sun isa. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a Dakoro ya san ƙofar da take shigowa.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a haɗa lafiyar baki da shirin cututtuka masu daɗewa, a Disamban 2023 kuma ta sa noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Saura aikin mahukunta. Ma'aikacin da ke awon jini ko awon yara, a horar da shi ya ce “buɗe baki”, a kuma sa haka cikin rajistarsa. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Rigakafi ya fi magani.