Karenka Naka Ne, Kujerar Ta Kowa Ce

A Landan kare ba ya biyan kuɗin mota. Hukumar sufurin birnin ta yarda ya shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta, muddin yana ɗaure da igiya ko yana cikin jaka, kuma ba a ɗora shi kan kujera. In an zo matakalar nan mai tafiya da kanta, sai mai shi ya rungume shi, don kada ƙarfen ya datse masa ƙafa. Jiragen da ke zuwa sauran garuruwan Birtaniya ma sun bar kowane fasinja ya shiga da karnuka biyu ba ko sisi. Jamusawa sun fi tsauri: a jirginsu, karen da ya fi kyanwa girma sai an yankar masa tikitin rabin kuɗi, a kuma sa masa takunkumi.

Ba ni da ja da dokar. Da masu karnukan nake. Ina zaune a kudancin Landan, kuma bas mai lamba 453 nake hawa ran Juma'a zuwa masallacin 'yan Najeriya da ke titin Old Kent. Kusan duk wanda karensa ya cusa mini hanci a gwiwa magana ɗaya yake yi, yana murmushi: "Kada ka damu, ba ya cizo, wasa yake so." To ni na ce wasa nake so? Na saka farar shadda, na fesa turare, ga dalala a gefen wando. Ko ba ya cizo, ba a tambaye ni ba kafin a taɓa ni.

Abin da Baturen bai sani ba, tsoron wanda ya zabura yana da tushe. Tun 1922 Birtaniya ta rabu da ciwon haukan kare a cikin karnukanta. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Wanda ya tashi a Gwammaja ko a Maraɗi, uwarsa ta koya masa in ya hangi baƙon kare ya sake hanya, kuma gaskiyarta. Wannan tarbiyya ba ta wankewa don an buga wa mutum biza.

Ladabin ba wani mai wuya ba ne. A taƙaita igiya, kare ya kwanta tsakanin ƙafafun mai shi, ba a tsakiyar hanya ba. In an ga taragon ya cika maƙil da masu zuwa aiki, a jira na baya. In an sha ruwan sama, a goge shi kafin ya girgiza jiki a kan jama'a. Wanda ya matsa gefe kuma a ƙyale shi, ba sai an tsaya yi masa wa'azin kyawun halin karen ba. Ba ƙin dabba a mota nake ba. Mu da muka yi tafiya da kaji a ƙarƙashin kujera da akuya a but ba mu da bakin wannan. Amma mai akuya ya san ɗaure ta aikinsa ne.

Sai dai akwai karen da ba ya cikin wannan lissafi, kuma a nan mutanenmu ne ke da laifi. Karen jagoran makaho. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta wa direban tasi ya ƙi ɗaukar mai irin wannan kare, ko ya ƙara masa kuɗi. Tarar tana kaiwa fam 1,000, kuma lasisi ma yana iya tafiya. Uzuri ɗaya aka yarda da shi, na rashin lafiya, shi ma sai da takardar shaida daga hukumar da ta ba da lasisin. Duk da haka ana ta kai direbobi kotu, wasunsu Musulmi, suna cewa addini ne ya hana su.

Wani dattijo ɗan garinmu da ke tuƙin tasi ya taɓa ce mini, "Malam, a motar nan fa nake ajiye dardumata." Na ce, "Alhaji, to a mayar da ita but mana." Ya yi dariya, amma ni ba da wasa na faɗa ba. Makahon da aka bari a bakin titi cikin sanyin Disamba, karen nan shi ne ɗan jagoransa. A Kano wa zai ce wa makaho ya shiga mota, yaron da ke riƙe masa sanda ya biyo a ƙafa?

Kuma mu musamman hujjar ba ta tsaya mana ba. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta akasarinmu muka yi karatun zaure, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Shafi'awa da Hambalawa ne ke ganin najasarsa, Hanafawa kuma yawun kawai. Saboda haka ɗan Somaliya ko ɗan Bangaladesh da ke gefena a bas ya fi ni dalilin janye ƙafa, kuma ya kamata masu karnuka su san zai iya zama dole ya wanke tufa kafin salla. Ko su ɗin ma, wanke tufa ne ya hau kansu, ba barin makaho a hanya ba. Mu abin da ke damunmu ƙyama ce ta al'ada. Ina da ita, ban kuma ga laifinta ba, amma kada a naɗa mata rawani a kira ta fiƙihu.

A 2008 wata majalisar malaman shari'a ta Birtaniya ta ba da fatawar da ta bai wa wani saurayi makaho a birnin Lesta damar zuwa masallaci da karensa. An keɓe wa karen wurin kwanciya daga wajen shiga, ba ya taka inda ake salla, saurayin kuma ya samu jam'i. Mota ma tana da mafita: direban da ke gudun gashi a motarsa sai ya sayi tsohon bargo ya shimfiɗa a ƙasa. Karen horarre ne, wajen ƙafar mai shi yake kwanciya. Kada a shafa shi, kada a miƙa masa abinci, don bakin aiki yake. A tambayi fasinjan ko gaba yake son zama ko baya, in gaba ne a ja masa kujerar baya kaɗan don karen ya samu wuri.