Sharhi: Aikin Soja Da Kwasa-Kwasansa, Abin Da Ya Kamata Matasan Gwandu Da Kalgo Su Sani

Harin da 'yan Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na shekarar 2024, tare da ta'asar 'yan bindiga a masarautun Zuru da Yawuri, ya sa batun tsaro ya zama abin tattaunawa a ko'ina cikin Jihar Kebbi. Wannan hali ya sa ya wajaba a dubi yadda 'ya'yan jihar ke shiga aikin soja, da kuma matsayin da suke kaiwa bayan sun shiga.

Ga mutanen ƙasar Gwandu, haɗa ilimi da aikin yaƙi gado ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, malami ne marubuci, kuma yana cikin jagororin yaƙin Tabkin Kwatto a shekarar 1804. A wannan zamani kuma, Mai Martaba Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, wanda ya hau gadon sarautar Gwandu a shekarar 2005, sai da ya kai muƙamin manjo-janar, ya kuma yi gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola har sau biyu.

Ƙofofin shiga rundunar sojojin ƙasa iri-iri ne, kuma kowace da irin takardar da take bukata. Ta farko ita ce ta kurata, inda ake neman mai shekara 18 zuwa 22, ko zuwa 26 ga mai sana'ar hannu, wanda ya ci aƙalla darussa 4 har da Turanci a jarrabawar kammala sakandare. Makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda aka kafa a 1924, tana horar da su kimanin wata 6. Ta biyu ita ce Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, wadda aka buɗe a 1964, inda ɗalibin sojan ƙasa ke shafe shekara 5 ya fito da digiri da anini a kafaɗa. Ta uku kuwa ta masu digiri ko babbar difiloma ce, kamar likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, waɗanda ake ba horo na 'yan watanni su zama hafsoshi.

Abin da yawancin iyaye ba su lura da shi ba shi ne, fita daga Zariya mafarin tafiya ne kawai. Ana tura kowane soja wani sashe na rundunar, kuma kowane sashe da makarantarsa. Dakarun ƙasa suna koyon aikinsu a Jaji, masu tankokin yaƙi a Bauchi, masu igwa a Kachiya, injiniyoyi masu gina gada da kwance nakiya a Makurɗi, masu gyaran motoci da na'urori a Auchi, masu aikin sadarwa a Legas, 'yan sandan soja kuma a Basawa ta Zariya. Yaƙi da Boko Haram ya sa an kafa makarantar dakaru na musamman a Buni Yadi ta Jihar Yobe.

Ƙarin girma daga farabiti zuwa las kofur, kofur, saje har samanja yana tafiya ne da cin kwas da jarrabawa da kyawun hali. Hafsoshi ma haka abin yake, domin sai sun bi ta Kwalejin Manyan Hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976, kafin su riƙe manyan muƙamai, sannan Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ta soma aiki a 1992. Saboda haka matashin da ya shiga da raunin karatu, ko da ya fi kowa jarunta, yana iya daɗewa da igiya ɗaya a hannu yayin da tsararrakinsa ke wuce shi.

A nan ne Gwandu da Kalgo ke da damar da ba kowa ya samu ba. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar jiha a Aliero. Bugu da ƙari, sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa rundunar soja ta ƙunshi 'yan dukkan sassan ƙasar nan. Ke nan Kebbi tana da kasonta, amma kason ba ya amfani sai an sami waɗanda suka cancanta su cike shi. Sojan da ya san fadamun Gulbin Kebbi, yana jin Hausa da Fulatanci ko Zabarmanci, yana da amfani na musamman ga Runduna ta 8 mai hedkwata a Sakkwato, duk da yake ana iya tura shi ko'ina.

Gaskiya ne aikin yana da haɗari, kuma iyaye na da hujjar fargaba, domin gidaje da yawa sun yi rashin 'ya'yansu a fagen fama. To amma wanda ya ƙudurta shiga, gara ya shiga da shirinsa. Makaniki ko ma'aikacin jinya da ya ƙware a soja yana komawa gida da sana'arsa bayan ritaya, har akwai cibiya a Oshodi ta Legas da ke koya wa masu barin aiki sana'o'i.

Don haka ya kamata hakimai da dagatai da shugabannin makarantu su riƙa sanar da matasa lokacin ɗaukar kurata, su kuma taimaka musu su tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar shaidar ɗan ƙasa tun da wuri. A sani cewa neman shiga soja kyauta ne, kuma duk mai neman kuɗi da sunan samar da gurbi macuci ne. Da ma an ce ilimi gishirin zaman duniya, to a bariki ma shi ke ɗaga mutum. Allah ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, amin.