Filin Kokowa da Tattalin Arzikin Ƙauye a Ƙasar Adar

Ya kai mai karatu, idan an ce maka filin wasa yana iya ciyar da gida, wataƙila ka yi murmushi ka ce wasa ai wasa ne. To amma ka tuna ranar da aka yi kokowa ta ƙarshe a garinku. Wa ya sayar da fura? Wa ya gasa nama? Wa ya kawo ruwa a kura? Ɗan kabu-kabu nawa ya yi jigilar mutane har dare? Duk waɗannan sun koma gida da kuɗi a aljihu, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai shiga fili ya kama kowa ba. Wannan shafi zai yi maka bayani a kan dalilin da ya sa ya kamata hukumomin jahar Tawa su ɗauki wasannin fili da wuraren shaƙatawa a matsayin aikin raya ƙasa, da kuma abin da kai kanka kake iya yi a kai.

Daga Tawa aka fara

Kokowa ta daɗe a ƙasar Adar tun kaka da kakanni. Bayan an gama girbi an cika rumbu, sai samarin wannan ƙauye su gayyaci na wancan, makaɗa su zo, ƴan mata su yi ado, a kwana ana gwada ƙarfi. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seini Kunce, gwamnati ta mayar da wannan al'ada gasa ta ƙasa baki ɗaya, kuma a garin Tawa aka yi karon farko. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ci a wannan shekara. Tun daga nan gasar take zagayawa daga jaha zuwa jaha. Kowace jaha daga cikin 8 tana kawo ƴan kokowa 10, su zama 80 ke nan, a yi kwanaki kamar 10 ana karawa. Wanda ya kayar da kowa shi ake ba takobi da rawani da doki, tare da kuɗi masu yawa. Filin kokowa na Tawa yana ɗauke da sunan Hamidin Mai Dare.

Duk wanda ya taɓa ganin gari a lokacin takobi ya san yadda kasuwa take ci. Gidajen saukar baƙi suna cika, har masu ɗaki na haya su samu. Mahauta, masu tuwo, masu shayi, teloli da masu sayar da kati na waya, kowa yana samun rabonsa. Rediyo da talabijin suna watsa sunan garin ko'ina a ƙasa da ma ƙetare, wurin ƴaƴanmu da ke Abijan da Legas da Libiya.

Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. Tunda jahohi 8 ne suke karɓar gasar bi da bi, Tawa ba ta ganinta sai bayan shekaru masu yawa. Idan ta zo, kwana 10 ne ta wuce. Kuma ribar a birni take tsayawa. Mutumin Kalfu ko Barmu ko Afala shi ne ma yake ɗaukar kuɗinsa ya kai birni ya kashe. Haka aka gani a shekarar 2017, lokacin da Tawa ta karɓi bikin 18 ga Disamba a ƙarƙashin shirin da aka kira Tawa Sakola: an yi hanyoyi da gine-gine a cikin birni, garin ya yi kyau ƙwarai, amma ƙauyen da ke nesa da kwalta bai ji ɗuriyar abin ba. Babban biki yana da amfaninsa. Abin da ya rage shi ne ƙananan filaye masu aiki kowane mako.

Mu yi lissafi tare

Ka ɗauki alli ko biro. Wannan misali ne kawai domin koyon lissafi. Mu ƙaddara ƙauyenku ya shirya kokowa ran kasuwa da yamma, mutum 600 suka tsaya kallo maimakon su watse da la'asar. Kowane ɗaya ya kashe dala 60 a kan abinci, ruwa, goro ko kuɗin mota. Dala 60 sau 600 ya ba da dala 36,000. Tunda dala 200 ce jika ɗaya, jika 180 ke nan a yamma guda. Idan an yi haka sau 10 daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, an samu jika 1,800, wato miliyan ɗaya da jika 800.

Yanzu ka tambayi kanka: hannun wa wannan kuɗi ya shiga? Mafi yawansa ya shiga hannun mata masu sana'a da yara masu talla da mahauta da masu amalanke. Mai fura za ta sayi gero wurin manomin ƙauyen, ta sayi nono wurin makiyaya. Mahauci zai sayi akuya a hannun matar da ta yi kiwo. Kuɗin yana juyawa a cikin gari sau biyu ko uku kafin ya fita. Wannan ne bambancinsa da kuɗin da ake kashewa a kan kayan kanti da aka yo odarsu daga waje, wanda yake tafiya tun ranar da aka biya shi. Ita ma ƙaramar hukuma tana da rabo, domin kasuwar da ta yi dare tana ƙara kuɗin tikiti.

Zancen ci-rani

Kowa ya san Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Da an ɗaure dammunan gero, motoci sun fara kwasar samari zuwa kurmi da arewa. Lokacin da al'ada ta keɓe wa kokowa da langa da dambe shi ne daidai lokacin da ƙauye yake zama na tsofaffi da mata da ƙananan yara. Ba za mu ce maka filin wasa zai hana saurayi tafiya ba. Wanda rumbunsa ba zai kai shi watan bakwai ba dole ya nemo ciko, kuma kuɗin da ƴan ci-rani suke aikowa su ne suke riƙe da gidaje da yawa. Amma akwai waɗanda suke tafiya don zaman ƙauye ya gundure su, babu aiki babu abin ɗebe kewa. Akwai kuma waɗanda suka rage a gida, suna yini a gindin bango, wasu har su faɗa shan ƙwaya. Waɗannan su ne fili yake yi wa amfani: yana ba su abin yi, yana ba su shugabanni da doka, yana kuma buɗe ƙananan sana'o'i a gefensa. Dattawa suna tuna zamanin samariya, lokacin da ƙungiyar da take shirya wasa ita ce kuma take fitowa aikin gayya.

Baƙon da ya daina zuwa, da baƙon da ke kusa

Shekarun baya, idan ana zancen yawon buɗe ido, Turawa ake nufi. Sukan bi hanyar Tawa su wuce Abalak zuwa Agadas, wasu su tsaya su sayi takalma da jakunkunan fata da cuku. Tseren motocin Dakar ya sha ratsa ƙasar Nijar. An soke shi a shekarar 2008 saboda matsalar tsaro, daga 2009 aka kai shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sace Turawa da aka yi a Arlit a 2010 ya ƙara tsoratar da sauran. A arewacin jaharmu ma an ga tashin hankali, mafi muni shi ne harin da aka kai wa garuruwan yankin Tiliya a watan Maris na 2021, inda aka kashe mutane fiye da 100.

Saboda haka duk tsarin da aka gina bisa jiran baƙo daga Turai, an gina shi bisa iska. Baƙon da ya kamata a yi wa shiri yana nan kusa: ma'aikaci da iyalinsa da suke son fita daga birni ran hutu, ɗaliban jami'ar Tawa, ƴan makarantar da malaminsu yake son ya nuna musu tabki da tsuntsaye, ɗan ci-ranin da ya dawo ganin gida da kuɗi a hannu, da matafiyin da ke kan hanyar Agadas. Kowane ɗayansu abin da yake kashewa kaɗan ne, amma suna da yawa, kuma ba sa buƙatar jirgin sama.

Ka dubi Tabalak. Tabkin yana bakin kwalta, kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Abalak. A shekarar 2005 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tabkin Ɗan Dutsi ma ya shiga jerin a wannan shekara. A Tabalak akwai kifi, akwai lambuna, akwai tsuntsayen da suke tasowa tun daga Turai su yi sanyin hunturu a nan. Masu soya kifi sun daɗe da gane cewa matafiyi yana tsayawa. Abin da zai sa ya daɗe shi ne inuwa, wurin zama mai tsabta, makewayi, wurin alwala da salla, da kwale-kwalen da aka tabbatar da lafiyarsa. Duka wannan aiki ne da ƙaramar hukuma da ƙungiyar masunta da ta mata suke iya fara shi ba tare da jiran wani babban taimako ba.

Amma a yi hattara. Tabki ba na masu shaƙatawa ba ne su kaɗai. Makiyayi yana shayar da dabbobinsa a nan, mai lambu yana ban ruwa, masunci yana jefa koma. Idan aka kewaye bakin ruwa aka tare burtali don a gina wurin hutu, an sayi rikici da kuɗin jama'a. Sannan ruwan da yake gangarowa daga tuddan da suka tsiraice yana kwaso yashi yana zubawa a ciki, tabkin yana ta cikewa a hankali. Wanda yake son baƙi su zo kallon ruwa, dole ya fara da gyaran tudu. Mutanen Adar sun san wannan aiki: tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya, ya koya musu jera duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa da dasa itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa.

Masu cewa ba yanzu ba

Za ka ji wani ya ce: ƙasar da ta ga yunwar 2005 da ta 2010, ina ita ina zancen wasa? A fara da rijiya da asibiti da aji. Maganarsa tana da ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar rijiya a gina filin ƙwallo. Sai dai abin da filin ƙauye yake buƙata da fari ba siminti ba ne. Takarda ce da iyaka. A yau, a gefen Tawa da manyan garuruwa, ana yanka filaye ana sayarwa da sauri. Dandalin da yara suke langa bara, bana ka tarar an zuba bulo. Fili kuwa idan ya tafi ba ya dawowa, ko da daga baya kuɗi sun samu. Hana wannan asara ba ya rage ko dala daga kuɗin rijiya.

Wani kuma zai ce taron wasa yana jawo caca da faɗa da shaye-shaye. Yana faruwa, inda babu mai tsawatawa. Maganinsa shi ne a sa mai gari da liman da shugabannin samari cikin shirin tun farko, a tsayar da lokacin farawa da na tashi, a dakata idan an kira salla. A yankunan da tsaro bai inganta ba kuwa, kada a tara jama'a sai da izinin hukuma, kuma a tashi da sauran rana.

Ke kuma mai karatu, wannan zance ya shafe ki fiye da yadda ake zato. Ke ce mai sayarwa a bakin fili, don haka ki nemi a keɓe wa mata rumfa mai inuwa da wurin wanke hannu. Ƴaƴanki mata ma suna da haƙƙin wurin gaɗa da guje-guje a kusa da gida, inda ido yake kansu.

Ta ina za a fara?

Tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin ayyukan raya kanta na shekaru da yawa, kuma abin da bai shiga wannan tsari ba da wuya ya samu kuɗi. A watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Ko wa ka tarar a ofishin, takardar buƙata tana da inda ake ajiye ta, kuma kana da damar neman shaidar cewa an karɓa.

Kafin ku je can, ku zauna a ajinku na yaƙi da jahilci ku rubuta sunayen duk wuraren da ake wasa ko hutawa a garinku: dandali, filin sukuwa, bakin tabki, gindin babbar gawo ko tsamiya. Ku auna kowane ɗaya da taki, ku rubuta tsawo da faɗi, ku tambayi dattawa ko na wane ne. Daga nan sai ku nufi kwamitin kula da filaye na ƙauye ko na ƙaramar hukuma, wanda dokar karkara ta shekarar 1993 ta tanada, ku nemi a rubuta filin a matsayin na jama'a, a kafa masa alamu a kusurwa huɗu. Ku riƙe kofi ɗaya na takardar a wurin mai gari, ɗaya a wurin ƙungiyarku.

Ranar 3 ga Agusta, da ake dashen itatuwa, ku roƙi ma'aikatan gandun daji su ba ku dashen bedi ko aduwa ku kewaye filin da su, ku raba wa gidaje nauyin ban ruwa da kariya daga awaki har shekara biyu. Sannan ku sa mutum biyu masu iya rubutu su riƙa zagayawa duk ranar wasa da littafi, suna rubuta yawan masu sayarwa da abin da kowa ya ce ya samu. Bayan wata uku ku haɗa jimilla, ku kai wa hukuma tare da buƙatarku ta biyu, ko makewayi ne, ko rumfa, ko fitila mai aiki da hasken rana.