Ginin Ƙasa Ba Alamar Talauci Ba Ne

A watan Afrilu, ɗakin bulo mai rufin kwano a Kano yakan zama tanderu da zarar an ɗauke wuta. Soron ƙasa kuwa, kaurin bangonsa yakan tare zafin rana, mai ɗaki ya samu sanyi ko babu fanka. Duk da haka rushe shi ake yi, wai don ci gaba.

Masallacin Juma'a na Yama a Nijar, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar yabon Aga Khan a 1986. Gaskiya ne damina na zaizaye tubali, amma harsashin dutse da indararo mai kyau suna rage ɓarnar. Ya kamata makarantun koyon zanen gini su gayyato tsofaffin magina su koyar da ɗalibai, tun suna raye.