Ɗaukar Kiɗan Fiyano: Sau Uku Ya Isa

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a shekarar 2020 hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan ta buɗe sabuwar hanya: ka kaɗa fiyano a inda kake, ka ɗauki bidiyo, ka aika. Sharaɗin shi ne kiɗa huɗu a jere, a ɗauka guda, ba yanka ba haɗi. Wasu na cewa an sami sauƙi. Ni da na gwada, ban yarda ba.

A gaban mai jarrabawa sau ɗaya za ka kaɗa ka tashi. A gaban waya kuwa babu mai tsayar da kai. Na yini a kan fiyanon cocin unguwarmu, ina ɗauka ina sakewa. Ɗauka ta biyu ta yi kyau, amma yatsana ya zame sau ɗaya a kiɗan Bach, sai na raina ta. Kafin magariba yatsu sun sage, janaretan maƙwabta ya tashi, kiɗan ya koma kamar hadda.

A ganina, kada ka wuce ɗauka uku a rana. Ka kwana, ka saurara da safe, sannan ka zaɓa. Ta biyun nan na aika a ƙarshe, har da zamiyarta.