Lissafi Bai San Ilaman Ba

Wani ra'ayi ya yaɗu tsakanin masu zane da kwamfuta, har ya iso kunnen samarinmu na Tahaggart da ke koyon sana'ar, cewa tunda na'ura tana iya ƙaga duwatsu da birane daga ƙa'idar lissafi kaɗai, to hannun mai zane ya zama nafila, iyakarsa ya sauya lambobi ya karɓi abin da ya fito. Wannan taƙlidi ne tsantsa, kuma ina ƙinsa ƙwarai.

Ba na musun falalar ƙa'ida. Tun da Ken Perlin ya fito da lissafinsa a 1983, ana zuba tuddai dubu cikin ƙiftawar ido, abin da dā sai an shekara ana yi. Amma duk wanda ya hau Asakram, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasat, ya dubi tsaunukan Atakor da hantsi, ya ga Ilaman a tsaye da tsininsa, ragowar dutse mai aman wuta da zamani ya cinye gefensa ya bar ƙashin, sannan ya juya ya ga Tahat da faɗin kafaɗarsa da mita 2,908 na tsawonsa, ya san cewa kowane dutse a nan yana da suna da siffa tasa, alhali lissafi ba ya haifar da komai face matsakaicin dutse wanda ba na kowa ba.

Babbar illar tana nan: mai zane ya wuni yana gyara tsini guda, ya karkata shi, ya fasa masa tsaga inda ruwa ke bi, sai ya taɓa lamba ɗaya a cikin ƙa'idar, na'ura ta sake zuba ƙasar baki ɗaya, gyaransa ya bi iska. Wallahi wannan zalunci ne ga mai sana'a. Ai ko malaman usulu ba su taɓa cewa ƙa'ida kulliyya ta ɗauke wa mufti nazarin mas'alar da ke gabansa ba.

Kuma magani ya samu, domin a 2008 Markus Lipp da abokan aikinsa sun nuna yadda gyaran taga guda a gini zai dawwama ko an sake ginin duka. Saboda haka masu koyar da yaranmu su tambayi kowace manhaja kafin su ɗora su a kanta: in yaro ya gyara dutse ɗaya da hannunsa, gobe zai tarar da shi?